Takalmi ko Wuƙa

A al'ada maigida ne ke yi wa iyali kayan Sallah, mace kuwa tata ita ce tukunya. To ni nawa maigidan shi ke ƙwace madafi ranar Layya. Shi zai yanka, shi zai feɗe, shi zai tsaya kan kaskon suya har Magariba, yana daka yajinsa da citta da kanumfari da masoro, ba ya yarda kowa ya sa masa hannu. Ran Asabar kuma da sassafe ya fice hawan Dutsen Kufena da abokansa, ya dawo ƙafa futu-futu da ƙura.

Bana na ƙudura sai na ba shi wani abu. Wuƙa ce ta fara faɗo mini a rai, irin ta maƙera mai kuben fata. Amma mai son girki ba a zaɓar masa wuƙa. Sai ya riƙe ta, ya ji nauyinta a tafin hannu. Wadda yake aiki da ita ta mahaifinsa ce, wasawa ta cinye rabin bakinta, kuma na san ba zai ajiye ta saboda tawa ba.

Takalmi kuwa yana bukata. Ƙasan nasa ya suɗe, ga dutse da santsi idan damina ta sauka. Ya daɗe yana zancen Chappal Waddi a Taraba, mai tsayin mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya. Na saci tsohon na kai kasuwar Sabon Gari aka duba lamba. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ki ƙara kaɗan, wajen gangarowa yatsu na dukan gaba." Na ƙara.