Ga ƙannena masu son cin abinci da alƙalami

Wannan rubutu zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Tun da aka shiga wannan tsadar rayuwa, tambayar da ta fi yawa a akwatin saƙona daga matasa ita ce: "Yaya, ina da baiwar rubutu, ta yaya zan mayar da ita kuɗi?" Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, da albashi nake rayuwa. Amma wani ɓangare na aikina shi ne karɓar rahoto da fassara da jawabi daga marubutan da muke ɗauka daga waje, in duba, in sa hannu a tura takardar biyansu. Wato ina zaune ne a gefen mai saye. Daga wannan kujerar na ga waɗanda ake sake kira, na kuma ga waɗanda ake goge lambarsu. Abin da ya raba su ba kasafai yake zama baiwa ba. Wanda ya ɗauki rubutu a matsayin sana'a, kamar tela ko kafinta, shi ne yake daɗewa.

Na farko, ka san wa zai saya kafin ka rubuta. Rubutun Hausa bai taɓa rayuwa ba mai saye ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ce ta sa gasa, daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. A shekarun 1980 da 1990 da kamfanonin ɗab'i suka ja baya, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ba su zauna jira ba, marubutan wancan lokaci da kansu suka riƙa kai littafi maɗaba'a su kuma kai shi kasuwa. Yau kasuwar ta koma waya. Akwai jaridu irin su Aminiya, akwai masu fim mai dogon zango da ke neman labari ga Arewa24 da YouTube, akwai ƙungiyoyin lafiya da noma da ke son a mayar musu da saƙo Hausa, akwai 'yan kasuwa masu neman mai rubuta musu talla, ga kuma 'yan'uwanmu mata da ke sayar da labari babi-babi a zaurukan WhatsApp. Kowanne da irin kayan da yake so. Ka zaɓi biyu, ka yi wata guda kana karanta abin da suke fitarwa kafin ka aika musu komai.

Na biyu, ka riƙe fanni ɗaya ka san shi sosai. Mai cewa "ina rubutu a kan komai" shi ne na farko da na'ura za ta ture. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, ChatGPT kuma ya fito a ƙarshen 2022, kuma kullum ƙara gogewa suke yi. Rubutun gama-gari a kan muhimmancin ilimi ko illar shaye-shaye, yanzu kowa zai iya samunsa kyauta cikin minti ɗaya. Amma na'ura ba za ta shiga kasuwar Dawanau ta zauna da dillalan riɗi ta ji dalilin da farashi ya faɗi ba. Ba za ta je asibitin karkara ta ji da wane suna mata suke kiran cutar da likita ya rubuta da Turanci ba. Idan ka karanta aikin gona, ko shari'a, ko kiwon lafiya, to wannan karatun shi ne jarinka. Editan da ke neman mai rubutu kan taki da iri ba zai tsaya kan wanda ya iya karin magana kawai ba.

Na uku, ka gyara rubutunka. Wallahi nakan ji takaici in ga fassara mai ma'ana amma ba ƙugiya ko ɗaya, an rubuta "kasa" a inda ake nufin ƙasa, an raba "yana" gida biyu, an haɗe "ya ce". A Facebook za a yi maka uzuri. A takardar da za a buga dubbai a raba wa jama'a, ba mai yi maka. Ka sa allon rubutun Hausa a wayarka, ka nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, ka koyi ƙa'idojin rubutu kamar yadda mai ɗinki ke koyon awo. Sannan ka tara aikinka mafi kyau guda biyar a wuri ɗaya, yadda duk wanda ya ce "mu ga abin da ka taɓa yi" za ka tura masa nan take.

Na huɗu, maganar farashi, inda kunya ke cutar da yaranmu. Mu yi lissafi a fili. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Raba shi gida ashirin, kwanakin aiki a wata, ka samu 3,500 a rana. Idan rubutu mai kalma 1,000 zai ci maka kwana biyu tsakanin bincike da rubutawa da gyara, to naira 7,000 ita ce daidai da albashin ma'aikaci mafi ƙanƙanta, kuma ba a cire kuɗin data da caji da mota ba. Ma'aikacin nan yana da hutu da fansho, kai ba ka da su. Saboda haka duk wanda ya ce ka yi masa a 2,000, ka sani da aljihunka kake tallafa masa. Akwai kuma masu cewa "ka yi mana kyauta, za ka yi suna". Sau ɗaya ko biyu a wurin da ake karantawa da gaske, ba laifi, talla ce. In ya wuce haka, ka tambaye shi ko mai shago yana ba da shinkafa da suna.

Na biyar, kafin alƙalami da yarjejeniya a rubuce. Ba sai ka ɗauki lauya ba. Saƙon WhatsApp ɗaya ya isa, matuƙar ya ƙunshi yawan kalmomi, ranar miƙawa, kuɗi, ranar biya, da sau nawa za a dawo maka da gyara. Wanda ba ka taɓa aiki da shi ba, ka karɓi rabi kafin ka fara. Na taɓa ganin wata yarinya ta fassara littafin horaswa sukutum ga wani ɗan kwangila a kan alkawarin baki. An karɓi aikin, an biya shi, ita kuwa ta yi ta sintiri har ta gaji. Ba abin da za mu iya yi mata, domin sunanta bai fito a ko wace takarda ba. In kuma da ma'aikatar gwamnati ko babbar ƙungiya za ka yi hulɗa, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka mallaki lambar haraji, ka buɗe asusu da wannan sunan. Ka kuma sa a ranka cewa za a cire haraji tun daga tushe, kuma biyan gwamnati ba ya sauri. Kada ka ci bashi da sunan kuɗin da ke cikin fayil.

Na shida, haƙƙin mallaka. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, rubutunka naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, kuma mallaka wa wani shi gaba ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. To ka karanta kafin ka sa hannu. Sayar wa mai fim izinin yin fim daban, sallama masa labarin har abada daban. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba ya fito a 1990, sai a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Shekara ashirin da biyu ke nan. Ba ka san ranar da abin da ka rubuta a ɗakinka zai sake samun kasuwa ba.

Na bakwai, kada ka rataya rayuwarka a ƙusa ɗaya. Mun ga abin da ya faru a 2025. Gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, ayyuka da dama da ke ba masu fassara da masu rubuta rahoto abin yi suka tsaya cak. A watan Maris na shekarar Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru, tashar da iyayenmu suka saba ji shekara da shekaru. Kafin nan, a ƙarshen 2023, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe. Idan irin waɗannan za su iya tsayawa, to wannan mutum ɗaya da ke ba ka aiki duk wata ma zai iya. Ka nemi aƙalla masu saye uku, ka ajiye kwafin duk aikinka a wurinka, ka kuma riƙe lambobin masu karatunka da kanka.

Akwai kuɗi iri biyu da nake roƙonku ku bari su wuce. Ɗaya shi ne rubuta wa ɗalibi kundin kammala digiri. Ɗayan shi ne zama sojan baka, a ba ka na data ka zagi wani. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai mutane da yawa hannun 'yan sanda, kuma ranar da aka zo kamu, mai gidan da ya sa ka ba ya ɗaukar waya. Ko ba a kama ka ba, editan kirki yana duba shafinka kafin ya ba ka aiki. Haka nan duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aikin rubutu, ɗan damfara ne.

Abokan aikina ma'aikata, ku ma kuna tambaya. Ku tuna kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, kuma dokokin aiki sun yi magana kan rubutu a jarida. Ku karanta su, ku nemi izini a rubuce inda ya kamata, kada neman ƙari ya ja muku asarar uwar kuɗi.

Kai kuma matashi, in kana da wani abin yi, koyarwa ce ko jiran shago, kada ka ajiye shi yau don rubutu. Ka yi rubutun da asuba ko da dare har sai ya yi wata shida a jere yana biya maka buƙatunka. Kuma in ka ce Laraba za ka miƙa aiki, ka miƙa shi Laraba. A cikin duk waɗanda suka ratsa ta teburina, waɗanda har yau nake ba da lambarsu in an tambaye ni su ne masu cika wannan alkawarin.

Masu sana'ar da suka riga mu sanin kanta, ku ƙara abin da na bari a ƙasa domin yaran su amfana. Allah Ya sa albarka a nema.