Guntun Gatarinka: Dabarar Rage Bugu A Gajeren Filin Golf

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, na san wasunku za su yi mamakin ganin na ɗauki alƙalami a kan wasan golf, wanda kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu. Mamakin yana kan hanya, domin mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba mu tashi mun ga wannan wasa ba. Abin da muka sani shi ne langa da dara da ƙwallon ƙafa, sai kuma labarin ƙwallon dawaki na birnin Katsina, wanda ya kafu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa. To amma rashin tsaron da ya addabi yankinmu, wanda duniya ta shaida lokacin da aka sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020, ya tura samarinmu da yawa Zariya da Kaduna da Kano neman abin sawa a baka. Kowane ɗaya daga cikin biranen nan uku yana da filin golf, kuma biyu daga cikin tsofaffin ɗalibaina da ɗaukar jakar 'yan wasa suke ciyar da iyayensu. Mai ɗaukar jaka kuwa da shawararsa yake cin abinci: in ya iya ba da ita a sake nemansa gobe, in bai iya ba a nemi wani. Shi ya sa na ga dacewar rubuta ɗan abin da na koya lokacin da nake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, daga wani abokin zamana da ya yi wannan sana'a tun yana yaro.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Ana buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa wani rami mai faɗin milimita 108, wanda aka kafa wa tuta. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, gajerun filaye kuwa sukan tsaya a 9. Kowane rami an ƙayyade masa adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, 3 ko 4 ko 5 gwargwadon tsawonsa. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya yi nasara. Ku riƙe wannan da kyau, domin a takardar lissafi babu gurbin rubuta nisan da ƙwallo ta yi. Bugun yadi 250 ɗaya ake ƙirga shi, bugun taku ɗaya ma ɗaya ne.

A nan ne gajeren fili na cikin gari yake yaudarar mutane. Ɗan wasa yana tsaye a mafari yana hango tuta, sai zuciya ta raya masa cewa da bugu ɗaya mai ƙarfi zai isa, ya manta hangen Dala ba shiga birni ba ne. Filin da gari ya kewaye ƙunci ne kariyarsa: nan katanga, can titi, gefe guda itatuwa. Doka kuma ta ce in ƙwallo ta fita daga iyaka, ko ta ɓace aka kasa ganinta cikin minti 3 (kafin 2019 minti 5 ne), sai ka koma inda ka buga, a ƙara maka bugun tara. Ke nan kana tsaye a mafari kana shirin bugu na uku, ba ka matsa ko taku ɗaya ba. Ga yaron da ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi tsofaffin ƙwallaye kuwa, hasarar biyu ce.

Dabara ta farko ita ce ka fara lissafi daga rami ka dawo baya, kamar yadda manomin Faskari yake fara duba abin da rumbunsa zai ɗauka da takin da ke hannunsa kafin ya yanke faɗin gonar masarar da zai noma. Mu ɗauki rami mai tsawon yadi 300 da aka ƙayyade wa bugu 4. Idan kana da sandar ƙarfe da ka tabbata tana kai maka yadi 130 a miƙe, buga ta sau biyu, ka ci yadi 260. Saura 40: bugu ɗaya ka hau dandalin rami, biyu ka zura. Bugu 5 ke nan. Wanda ya yi haka a ramuka 9 da aka ƙayyade wa 36 zai tashi da 45, kuma wannan sakamako ne da mai koyo zai yi alfahari da shi. Doka ta yarda ka ɗauki sanduna har 14, amma ba ta tilasta maka zaro mafi tsawonsu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada wani ya ɗauka wannan shawarar raggwaye ce. A 2006, a gasar Open ta Birtaniya da aka yi a Hoylake kusa da Liverpool, zafi ya busar da filin ƙasa ta yi tauri. Tiger Woods, wanda yana cikin masu dogon bugu a zamaninsa, sau ɗaya tak ya zaro doguwar sandarsa a ramuka 72, kuma shi ya lashe gasar da tazarar bugu 2. A ɗaya ɓangaren, a 1999 a Carnoustie ta ƙasar Scotland, Bafaranshe Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe, mai bugu 4, ko 6 ya yi kofi nasa ne. Ya zaɓi bugun kasada, ƙwallo ta shiga ciyawa, ta faɗa rafi, ta koma kwarin yashi, ya tashi da 7, daga bisani Paul Lawrie ya ɗauke kofin a wasan raba gardama. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Dabara ta biyu: in ka zo hawa dandali, nufi tsakiyarsa, ka bar tuta inda take. Sau da yawa akan kafa ta a gefe, kusa da kwarin yashi ko gangara, don a jarraba mai zari. Kafin ka buga, tambayi kanka: in na kuskure, wane ɓangare ne kuskuren zai fi sauƙin gyara? Sai ka karkata can.

Ta uku ita ce sanin ƙasarmu da lokutanta. Da hunturu da bazara ƙasar Arewa takan bushe ƙamas, ƙwallon da ta sauka a kanta sai ta yi tsalle ta ci gaba da gudu. Saboda haka sauke ta kafin dandali, ka bar ta ta gangara da kanta, kuma duk inda za ka iya gangarar da ita a ƙasa kada ka ɗaga ta sama, domin iskar hunturu ba ta da iko da abin da ke ƙasa. Da damina lamarin yakan juye: ƙasa ta yi laushi, ƙwallo ta tsaya kusa da inda ta faɗi, ciyawar gefe kuma ta yi tsawo ta haɗiye ta. A wasu tsofaffin filayen ƙasar nan an saba yin dandalin da yashi haɗe da mai a madadin ciyawa, ana share hanya kafin a buga. In ka tarar da irinsa, buga a miƙe da ɗan ƙarfi, don yashi yana rage gudu.

Ta huɗu: a kan dandali, burinka bugu biyu. In ƙwallo tana nesa, kada ka ce lallai sai ta faɗa yanzu. Kawo ta kusa da rami kamar taku ɗaya, ka ƙarasa cikin natsuwa. Bugu biyu a kowane rami 18 ne cikin 45 ɗin nan da muka lissafa, wato kashi biyu cikin biyar na wasan. Wannan kuma shi ne ɓangaren da talaka zai iya ƙwarewa a kansa ba tare da biyan ko sisi ba, a tsakar gida, da gwangwani da ƙwallo ɗaya.

Ta biyar: in ka faɗa cikin itatuwa, fito ta gefe da bugu ɗaya ka koma hanya. Wanda ya nace sai ya ratsa tsakanin dalbejiya biyu, sau tari da 8 yake tashi a ramin da 6 za ta ishe shi. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Abu na ƙarshe ya shafi amana, kuma a ganina shi ne mafi nauyi a kan mai ɗaukar jaka. A wannan wasa, galibi babu alƙalin da ke bin kowa. Ɗan wasa shi ke faɗin bugunsa, shi ke sa wa kansa tara. A 1925, a gasar Open ta Amurka, Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta motsa lokacin da yake shirin bugu, alhali ba wanda ya tabbatar da ganin haka, aka ƙara masa bugu ɗaya, kuma ƙarshenta sai da aka je raba gardama ya rasa kofin. Don haka, ya ɗan'uwa, in maigidanka ya buga cikin ciyawa, kada ka tura masa ƙwallon da ƙafa zuwa wuri mai kyau don ya ƙara maka kuɗi. Zai yi murna a ranar, amma ya riga ya san irin mutumin da ke riƙe da jakarsa, da agogonsa da wayarsa a ciki.

Allah Ya albarkaci neman samarinmu a duk inda suke, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.