Kwanakin Farko da Robar Baki

Litinin

Yau na karɓo robar daga wurin likitar haƙori. Ɓangare biyu ce, na sama da na ƙasa, an zuba su daidai da siffar haƙorana da ta ɗauka kwanakin baya, kuma a kowane gefe akwai ɗan ƙarfe mai noti da ke haɗa su. Da na sa, sai na ji haɓata ta ɗan turo gaba ta ƙi komawa. Likita ta ce aikin ke nan gaba ɗaya. Tushen harshe a maƙale yake da ƙashin haɓa ta ciki, saboda haka in an riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba, harshe ba zai zame baya ya toshe maƙogwaro ba idan barci ya saki naman jiki.

Kafin ta yarda ta yi min, sai da ta bi haƙorana ɗaya bayan ɗaya, ta duba dasashi, ta sa na buɗe baki na rufe tana taɓa mahaɗar muƙamuƙi kusa da kunne. Mai giɓi da yawa ko mai haƙora masu girgiɗi ba a yi masa, don robar a kan haƙori take dogara. Ta kalli jan goron da ke turamena ta ce, "Malam, wannan kuma sai mu yi maganarsa wani zuwan."

Talata

Daren jiya ba daɗi. Miyau ya yi ta taruwa har ya jiƙa matashi, na farka wajen ƙarfe biyu na cire ta na ajiye a kan durowa, sai kuma na ji kunyar kuɗin da na biya na mayar. Na kuma gane cewa addu'ar kwanciya sai an gama ta tsaf kafin a sa, domin da ita a baki ko "amin" ba ta fita daidai.

Da asuba na cire don alwala, na haɗa baki, sai na ji turamena ba sa haɗuwa, haƙoran gaba kawai ke taɓa juna. Gabana ya faɗi. Ashe abin da likita ta faɗa min ne jiya, hankalina yana wani wurin: akwai wata 'yar roba ta biyu a cikin kwalin, wadda ake cizawa na 'yan mintuna da safe don muƙamuƙi ya koma mazauninsa. Kafin a kawo koko da ƙosai komai ya daidaita.

Laraba

Na sake ɗauko takardar gwajin barcin da aka yi min na karanta a natse. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ke tsayawa ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin kowace awa ta barci. Daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Nawa 22. Wato dare guda sai in shaƙe fiye da sau ɗari, kowane karo iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zabure ni in ja numfashi, in koma barci ban san an yi ba. Shi ya sa mutum zai kwana awa bakwai ya tashi da ciwon kai kamar bai runtsa ba, kuma shi ya sa likitan da ke duba hawan jinina ya fara tambayar uwargida ko ina minshari, kafin ma ya tambaye ni. Ita ta ba shi labarin da ni ban sani ba: sai minsharin ya yanke ɗif, ta yi ta jira, sannan in yi wata irin ajiyar zuciya mai ƙarfi kamar an shaƙe ni an saki.

Alhamis

Na je gaida Hajiya. Da na nuna mata robar ta juya ta a hannu ta ce, "Wannan ai dannau ne yake damunka, ka riƙa tofa addu'a." Kawu da ke zaune ya ce a'a, beli ne, wanzami bai cire shi da kyau ba tun ina jariri. Ban yi musu da kowa ba. Dannau daban ne, shi mutum yana farke ne jikinsa ya ƙi motsi. Maganar Kawu kuwa ta ɗan kusanci wani abu, don naman ganda da beli suna cikin abin da ke kaɗawa ya ba da ƙarar minshari, kuma likitoci kan yi tiyata a wurin ga wasu. Amma toshewar tawa ta fi ƙarfi a bayan harshe, inda askar wanzami ba ta da hurumi.

Abin da ya fi damuna a hirar shi ne yadda muke ɗaukar minshari a matsayin alamar barcin mai ƙoshi. A yi dariya, a ce wane ya gaji. Nawa ne cikin direbobinmu na doguwar hanya ke da kaurin wuya da tumbi, suna minshari a tasha, da rana kuma suna tauna goro don kada gyangyaɗi ya kwashe su a kan sitiyari?

Juma'a

Ban yi gyangyaɗi lokacin huɗuba ba. Na rubuta ne kawai don kada in manta.

Asabar

Maƙwabcina, wanda shi ke amfani da injin nan na hura iska ta hanci da ake kira CPAP, ya ce wasa nake yi da roba. A wani ɓangaren yana da gaskiya. Tun da wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da injin a Sidni a 1981, ba a samu abin da ya kai shi rage yawan tsayawar numfashi ba, musamman ga mai tsananin ciwon. Yana hura iska ne a hankali ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kamar tiyon da ruwa ke gudu a cikinsa ba ya lanƙwashewa. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ma, a ƙa'idar da ta fitar a 2015 tare da takwararta ta likitocin haƙori, ta ajiye robar ne ga wanda ya kasa jure injin ko ya fi son wata hanyar, da sharaɗin likitan haƙori ne ya auna ya yi ta, kuma mai noti ce da ake iya ƙarawa.

To amma injin wuta yake ci. Shi maƙwabcin nawa sai da ya sa sola da batir kafin ya samu kwanciyar hankali, kuma ya amsa da bakinsa cewa daren da zafi ya yi yawa yakan fizge abin rufe hancin ya jefar. Injin da aka kashe da tsakar dare bai yi wa sauran daren komai ba. Ni na gwada shi a baya, duk daren da aka ɗauke wuta sai in farka ina haki. Robar tana shiga aljihun kaftani, ba ta neman soket a ƙauye ko a masaukin baƙi.

Lahadi

Uwargida ta ce, "Maigida, jiya sai da na tashi na sa hannu a hancinka, don shirun ya yi yawa." Daɗi ya kama ni. Na kuma lura sau ɗaya na fita fitsari, alhali da dare ba ya wucewa ban yi ta zarya ba. Na yi mafarki mai tsawo har na iya ba da labarinsa da safe, abin da na daɗe ban yi ba.

Sai dai mahaɗar muƙamuƙina ta hagu tana ciwo, musamman da na zo tauna nama da rana. Na bar tsiren yamma.

Litinin

Na koma wurin likita da murnata, na ce an gama, minshari ya tafi. Ba ta yi murnar da na zata ba. Ta ce, "Malam, kunnen uwargida ba na'urar gwaji ba ne." Minshari na iya yin shiru alhali numfashi yana ci gaba da raguwa a ɓoye, kuma akwai mutanen da robar ba ta yi musu aikin kirki ko da an tura haɓar iya turawa. Babu mai iya sanin ɓangaren da nake sai an sake gwajin barci da robar a bakina. Wannan kuma sai an gama daidaita ta.

A yanzu haɓata tana wajen rabin iyakar abin da zan iya turawa. Za a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya a kowane karo, a bar muƙamuƙi ya saba kafin a sake. Saboda ciwon gefen hagu ta ce ba za ta taɓa notin yau ba. Ta koya min motsa jikin muƙamuƙi na safe, ta ce in sa tsumma mai ɗumi a wurin.

Ta kuma faɗa min abin da ban so ji ba. Idan shekaru suka tafi, haƙora kan ɗan gusa: na ƙasa su karkato gaba, na sama su ɗan koma baya, cizo ya sauya. Ga mafi yawan mutane ƙanƙanin abu ne, amma ba ya cika komawa yadda yake. Shi ya sa za ta riƙa ganina lokaci lokaci muddin ina sa ta. Na auna wannan da hawan jini da gyangyaɗi a hanyar Zariya, na ga da sauƙi, ko da yake na fi son a ce babu abin biya.

Talata

Na tarar yarinyarmu ta ɗora ruwan zafi za ta wanke min robar don a kashe ƙwayoyin cuta. Allah Ya sa na shigo a kan lokaci, da ta lanƙwashe. Ruwan sanyi da burushi mai laushi kawai, a bar ta ta sha iska a akwatinta, nesa da ƙananan yara.

Laraba

Ƙanena ya turo min hoton wata roba da ake sayarwa a intanet da araha, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar haƙori. Ya ce shi ma matarsa tana ƙorafi, zai saya ya huta. Na kira shi na ce ya fara zuwa a gwada barcinsa, don in nasa mai tsanani ne, sai ya rufe bakin minsharin ya bar ciwon yana cinsa. Ya ce kuɗin gwajin ya fi na robar nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, ban da amsar da zan ba shi sai cewa zan raka shi, mu ji ko ana biya kashi kashi.

Alhamis

Sanyin hunturu ya fara, hancina ya toshe, na kwana da baki a buɗe na tashi maƙogwaro a bushe. Uwargida ta ce minsharin ya ɗan dawo wajen asuba, lokacin da na juya na kwanta rigingine. Ta ɗinka min ɗan aljihu a bayan tsohuwar singileti ta cusa ƙwallon yara a ciki don kada in riƙa juyawa. Ciwon muƙamuƙin ya lafa. Na kira asibitin, sun ce in zo ranar Litinin a fara ƙara notin.