Kwamfutar da Muka Lulluɓe da Atamfa

Mu da muka kama koyarwa bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya (UPE) na 1976, kayan aikinmu ba su wuce alli da allo da littafin tsara darasi ba. Allon ma da baƙin tsohon batir muke shafe shi. Amma ba mu rasa babba a kusa ba. Hedimasta zai bi darasinka da jan biro, wani dattijon malami kuma ya zauna a bencin baya yana saurare. Da an tashi sai ya ja ka gindin darbejiya ya ce, "Malam, ka yi gaggawa a wajen rabawa. Gobe ka zo da marafan kwalba, yara su ƙirga da hannunsu."

Kwamfutar farko ta iso makarantarmu 'yan shekaru bayan shigowar wayar salula a 2001. Aka ajiye ta a ofis, aka lulluɓe da atamfa saboda ƙura. An kai mu bitar kwana uku, muka dawo da takardar shaida, amma ko linzaminta ba mu iya sarrafawa. Sai mu zana hotonta a allo, yara su haddace sunayen sassanta.

Wadda ta cire mana tsoro wata matashiyar malamar kimiyya ce. Kowace Alhamis bayan an tashi, ta tada janareta, ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Baba, danna, ba za ta lalace ba." Ta fara da abin da ke hana mu barci, wato haɗa makin jarrabawa. Aikin da nake kwana uku ina yi a gaban fitilar ƙwai, sai ga shi ya kammala kafin la'asar. Daga nan ta nuna mana yadda za mu sauko da bidiyon tsirowar wake, mu nuna wa 'yan aji huɗu kafin su shuka nasu a gwangwani.

Amfanin zaman nan ya fito fili da jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, da kuma a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, muka riƙa tura wa iyaye darasi ta WhatsApp.

Idan na waiwaya, abin da yarinyar nan ta yi mana shi ne abin da dattijon gindin darbejiya ya yi mini: zama kusa, da haƙuri, da gyara cikin mutunci. Duk mai shirin kai kwamfuta firamare, ya fara neman wanda zai jawo kujera ya zauna da malami.