Baƙon kwana uku

A garin Abala, arewa da Filinge, akwai wani dattijo Bakurfaye da ya ci ƙuruciyarsa a kan hanyar Kurmi. Ya yi dako a Kumasi, ya yi talla a Abijan, sa'annan ya komo gida ya kafa rumfar hatsi. Tun da ƙafa ta gaza, jikarsa ce ke kai shi yawon duniya da salula. Bayan sallar lisha takan kunna masa wani majigin zane na ƙasar Japon, Kino no Tabi, wato tafiyar Kino, tana karanta faransancin da ke ƙasan hoto tana mayar masa da hausa.

Majigin ya fito a 2003, kashi 13, daga littattafan Keiichi Sigsawa. Kino yarinya ce matafiya, da bindiga a ƙugu da babur mai magana, sunansa Hermes. Ƙa'idarta guda ce: duk ƙasar da ta shiga, kwana 3 take yi ta wuce. Ta ga ƙasar da masu rinjayen ƙuri'a suka yi ta kashe marasa rinjaye har mutum ɗaya ya rage. Ta gamu da ma'aikata uku a kan hanyar jirgin ƙasa, na gaba na goge ƙarfe, na biye na cire shi, na baya na sake shimfiɗawa, kuma babu wanda ya san da wani.

Zanen bai ba dattijon mamaki ba. Da ƙuruciya ya kalli Bon voyage Sim a Yamai, majigin da marigayi Mustafa Alasan ya zana a 1966, inda kwaɗo shugaban ƙasa ya kai ziyara maƙwabta ana yi masa fareti. Tun lokacin ya gane mai zane yakan ɗora wa kwaɗo abin da ba ya iya gaya wa mutum ido da ido.

Kwana ukun nan ne ya tsaya masa a rai, domin shi ma ya taɓa zama irin wannan baƙo. Satinsa na farko a Kumasi ya yanke cewa Tonawa ba su da tausayi. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi wata guda, matar mai gidan haya ta yi jinyarsa ba ta karɓi ko sisi ba, kana ya ji kunyar hukuncinsa. A ganinsa kwana 3 na nuna wa mutum kasuwa da doka da tufafi, amma hali sai guzuri ya ƙare ake ganinsa.

Abala ta tabbatar masa da haka. A 2012 yaƙi ya koro dubban ƴan Mali daga yankin Menaka, aka kafa musu sansani a gefen gari. An ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan sun shekara sun sake shekara. An yi layi tare a bakin famfo, an saɓa kan itace da makiyaya, an binne gawa tare. Nan kowa ya ga halin ɗan'uwansa, ya ga nasa. Daga baya hare-hare suka sa hukuma ta hana hawan babur a sassan jahar Tillaberi a 2020. Dattijon yakan ce da Kino ta ɓullo da babur da bindiga a wannan shekara, da ko ruwan sha ba ta samu ba, kuma wannan ya fi komi yi masa ciwo, don ya tashi a ƙasar da ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha fura.

A kashin ƙarshe Kino ta sauka garin da aka karɓe ta hannu biyu, har ta roƙi ƙarin kwana. Mutanen suka ƙi, don sun san dutse mai aman wuta zai ci garin. Da jikar ta gama fassara, dattijon ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce ta kashe salular, gobe kasuwa.