Garuruwan da Ke Ƙarƙashin Tafkin Volta

A ranakun ƙarshen mako, jirgin 'yan yawon buɗe ido kan tashi daga Akosombo da hantsi, ya nufi tsibirin Dodi, ya dawo kafin faɗuwar rana. Galibin fasinjojinsa daga Akra da Tema suke zuwa: ma'aikata da iyalansu, amare da angwaye, da tsirarun baƙi daga ƙetare. Makaɗa na kaɗa hailaif, ana gasa karfasa, yara na leƙen ruwa ta tsakanin ƙarafa. Wanda ya fito daga cunkoson birni ba zai so komai ya wuce wannan iska ba.

Sai dai tafkin bai kai shekarun wasu daga cikin fasinjojin ba. An kammala madatsar Akosombo a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, domin samar da lantarki ga Gana da kuma masana'antar narka alminiyam da ke Tema. Ruwan da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500. Mutum wajen 80,000 ne suka tashi daga ƙauyuka sama da 700, aka tsugunar da mafi yawansu a sababbin matsugunai 52. Gonaki da kasuwanni da makabartu duk suna ƙasa. Can arewa, ruwan ya ci tsohon garin Kete-Krachi, inda fataken Hausawa suka koma bayan yaƙin Salaga na 1892, inda kuma Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya yi limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934.

Baƙon da ya lura zai ga rassan itatuwa sun leƙo daga cikin ruwa, farare fat kamar ƙashi. Ba a sare dajin ba kafin a tare kogin, don haka itatuwan suna nan tsaye. Mai ɗaukar hoto yana ganin kyansu. Masunci kuwa ya san su ne ke yaga masa koma, su ne ke huda kwalekwalen da ya ɗauko 'yan kasuwa fiye da ƙima. Su ne kuma dalilin da ya sa ake tura ƙananan yara su yi nutso su warware komar da ta sarƙe, aikin da ya sha cin rayuka.

A Dodi, jirgi kan tsaya ɗan lokaci kaɗan. Mutanen wurin kan tarbi baƙi da ganguna da rawa, a jefa musu 'yan sidi, a ɗau hoto, a koma. Idan aka yi lissafi, kuɗin tikiti da na abinci da na abin sha an riga an biya su tun kafin a sauka. Abin da ke faɗawa hannun mutanen gaɓa ragowa ne, alhali kakanninsu ne suka biya farashin tafkin da gonakinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Yawon buɗe ido mai ɗorewa a wuri irin wannan yana farawa ne da tambayar inda kuɗi ke kwana. Amsarta kuma tana cikin ƙananan abubuwa. Kifin da aka gasa wa baƙi, daga hannun wa aka saya, kuma nawa? Mai yi musu bayani ɗan yankin ne da ya san sunan ƙauyen da ke ƙarƙashin jirgi, ko kuwa haddar takarda yake karantowa? Mai kwalekwalen da ya ɗauke su zagaye yana da rigunan kariya daga nutsewa? Robobin ruwan da suka sha sun koma tudu tare da su? Kuɗin da ake bai wa yara masu rawa kai tsaye yana iya hana su zama a aji, amma idan ya bi ta hannun al'umma, yana iya biyan malami ko gyara rijiya.

Baƙo ɗaya ba zai iya tone kututturan tafkin ba, amma yana da zaɓi a aljihunsa. Yana iya kwana a masaukin ɗan gari, ya sayi busasshen kifi daga matan da suka ƙyafe shi ba tare da ya karya musu farashi ba, ya tambayi dattijo inda gidan mahaifinsa yake a da. Sau da yawa dattijon zai miƙa hannu ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa, ya faɗi sunansa, har da ranar da kasuwarsa ke ci.