Wuri a tashar Upper Iweka

Ina zaune kan benci a Upper Iweka, ina jiran motar Kano ta cika, sai na ga wata tsohuwa mai sayar da goro ta ɗaura wuri guda a bakin zanenta. Ado ne kawai yanzu. Amma ya tuna mini da Marion Johnson.

Baturiyar nan ce da a rubutunta na 1970 ta bi sawun wuri, daga tsibiran Maldives har kasuwannin ƙasar Hausa. Daga baya ita da Jan Hogendorn suka fitar da littafi a 1986 kan yadda aka sayi bayi da shi. Kafin na karanta su, na ɗauka wuri ciniki ne na mutanen da ba su waye ba. Ashe kuɗi ne sosai, da farashinsa da faɗuwarsa. Wani matafiyi Bature mai suna Barth ya tarar ana canjin dala ɗaya a wuri 2,500 a Kano a 1851. Da 'yan kasuwar Jamus suka cika gaɓar teku da wurin Zanzibar, darajarsa ta zube. Masu nazarin tarihin kuɗin Afirka har yau daga aikin Johnson da Hogendorn suke tashi.

Gefena wani yaro mai POS yana lissafa 'yan ɗari biyar-biyar da suka tsufa, yana lasar yatsa.

"Alhaji, za a cire ne?"

Na ce a'a, ɗana, kallo nake. Kwandasta ya fara kiran saura mutum biyu.